Yatsan Da Ya Kumbura

Karatu: Kolosiyawa 4:14

Wani tela a ikkilisiyarmu ƙofar mota ta datse masa yatsa. Ya ce mini, "Fasto, targaɗe ne, ai yana motsi, na kuma yi addu'a." Na ce amin, ban tura shi gidan likita ba. Yau yatsan a karkace yake, riƙe almakashi sai da ƙyar. Abin yana damuna har yanzu.

Ka sani, yatsa yakan motsa ko da ƙashin ya karye, hoto ne ke nunawa. Cire zobe tun kumburi bai hana ba, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora, ka ɗaga hannun sama. In yatsan ya lanƙwashe, ko ba ka jin taɓi, ko ƙashi ya huda fata, kada ka ja shi, kada ka kwana gida. Cikin mako 3 ƙashin yakan soma haɗewa yadda ka bar shi.

Kada kowa ya ce maka zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne, manzon kuwa yana ƙaunarsa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tanada wa marasa kuɗin hoto, ka albarkaci hannun masu jiyya. Amin.