Gwangwanin wake na wa ne?

Wanda ya shiga wasan DayZ karon farko, a bakin teku ake ajiye shi, cikin wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Chernarus. Ba taswira, ba bindiga, ba mai ce masa ga gabas ga yamma. Garuruwa duk sun watse, sai mutanen da wata cuta ta mayar kamar gawarwaki masu yawo, waɗanda ake kira zombi, suna bin duk abin da ya motsa. Sabon shiga yakan ɗauka su za su kashe shi, alhali sau da yawa yunwa ce ke riga su. Zai shiga gida bayan gida ya tarar da takalmi ƙafa biyu da hula, ba ko loma. In ya dace da gwangwanin wake, ba wuƙar buɗewa. In ƙishirwa ta sa ya sha ruwan kududdufi, kwalara ta kama shi. In ya mutu kuwa, duk abin da ya tara ya tafi, sai ya sake farawa daga bakin teku.

Dean Hall, mutumin Niyuzilan da ya ƙirƙiro wasan a 2012, tsohon soja ne da ya taɓa shan yunwa ta gaske a wani horo cikin dajin Burunai, kuma daga can tunanin ya zo masa. Ni ina buga shi da dare a Treichville, kan wata tsohuwar kwamfuta da na saya a Black Market ta Adjamé, kuma abin da ya riƙe ni a cikinsa tambaya ce da na san malamai sun daɗe da ita: mai jin yunwa, me ya halatta ya ɗauka, kuma mai ƙoshi, me ya wajaba ya bayar?

Rabin farko na tambayar, wasan ya sauƙaƙa shi har ya yi yawa. Gidajen Chernarus ba su da masu su. Ba wata tsohuwa da za ta dawo ta buɗe kabad ta fashe da kuka. Bugu da ƙari, gwangwanin da ka ɗauka yau, injin wasan zai sake ajiye wani bayan ɗan lokaci, kamar rijiya mai ɓuɓɓuga. Ɗauka a irin wannan wuri tsintuwa ce. Ko a duniyar da gidaje ke da masu su ma, fiƙihu bai tsananta wa mai larura ba. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin bayin Haɗib da suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya gane ubangidansu ne ke barin su da yunwa, sai ya janye hukunci daga kansu ya ɗora wa Haɗib tara: mai raƙuma ya ce kuɗinta dirhami 400, Umar ya ce a biya shi 800. Abin lura a nan, alƙalin bai tsaya ga cewa yara ba su da laifi ba, sai da ya nemo wanda ke da laifin, kuma a wajen mai rumbu ya same shi.

Nan ne wasan ke zama da nauyi. A Chernarus ba kai kaɗai ba ne, akwai wasu mutane na gaske, gommai, kowa daga ɗakinsa a wata ƙasa, kuma in kun kusanci juna kuna iya magana da murya. Wanda ya kwana biyu a wasan yana da bindiga da jaka cike da abinci. In ya gamu da sabon shiga yana tangaɗi a kan hanyar bakin teku, zaɓi na gabansa. Wani ya jefa masa gwangwani ya nuna masa inda famfon gari yake. Wani ya wuce kamar bai gan shi ba. Wani kuma ya harbe shi, ba don akwai abin ɗauka a jikinsa ba, don kawai yana iyawa. Har akwai masu ɗaure mutum su yi ta masa izgili kafin su kashe shi. Wasan ba ya hukunta ko ɗaya. Abu guda da na ga ya sa wa azaba shi ne cin naman mutum: wanda ya ci yakan kamu da cutar kuru, ya riƙa karkarwa yana ƙyalƙyala dariya ba gaira ba dalili. Kisa don wake kuwa, kyauta ne.

Masu harbin suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce wasa ne, ba jinin da ya zuba, kuma wanda ka ciyar yau shi zai buga maka gatari ta baya da zarar ka juya. Wannan na biyun yana faruwa, na gani. Na farkon ne ban yarda da shi duka ba. Jini bai zuba ba, amma awa biyun da wancan bawan Allah ya ɓata yana neman wuƙa, da kuɗin intanet da ya saya, waɗannan na gaske ne. Kuma in mutum ya sami wurin da ba ɗan sanda, ba maƙwabci, ba wanda zai kai labari gida, abin da ya zaɓa ya yi a wurin yana faɗar wani abu a kansa, ko ƙanƙane ne.

Mu Hausawan Abijan mun san sabon shiga tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Shi ne yaron da ya taso daga ƙauyen Tawa ko Madawa ko Ƙonni, ya kwana biyu ko uku a mota ta Burkina, aka sauke shi a tashar Adjamé da leda ɗaya. Ba Faransanci, ba Julanci, gbaka na ta kururuwa, kowa na gudu. Baƙo makahon gari. Wannan yaron ba ya bin gidaje yana leƙa kabad. Kunne yake kasawa har ya ji Hausa, sa'annan ya faɗi sunan garinsu, a ce masa: "Je ka wajen wane, mutumin ku ne." Galibi wanen nan mai garba ne. Garba, ga wanda bai sani ba, aceke ne na rogo da soyayyen kifin tuna, da yankakken barkono da albasa da ɗan mai, kuma shi ne abincin talakan Abijan, ɗalibi da direba da ɗan dako. 'Yan Nijar ne suka riƙe sana'ar, har ana cewa daga sunan Garba abincin ya samo sunansa. Kifin daga tashar jirgin ruwa yake fitowa, wanda kamfanonin gwangwani ba su ɗauka ba. Farantin farko da za a miƙa wa yaron nan ba a tambayarsa kuɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zana mana hoton waliyyai. Farantin nan yana da igiya. Gobe yaron zai fara wanke kwanuka da yankan albasa tun asuba, kuma akwai iyayen gida da ke riƙe yaro shekaru a bakin kasko da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, in ya yi magana a tuna masa ranar da ya zo da leda. Duk da haka tsarin yana da abin da Chernarus ba ta da shi, wato suna da gobe. Wanda ya kori ɗan garinsu da yunwa, kafin sallah labari ya isa ƙauye, kuma ƙanensa ma wata rana zai sauka a wata tashar. To, sai tambaya ta taso wadda ba na jin daɗinta: alherin namu, nawa ne a ciki na Allah, nawa ne na tsoron bakin mutane?

Abijan ta taɓa gwada mu a kan haka. Bayan zagaye na biyu na zaɓen 28 ga Nuwamba 2010, Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara kowa ya ce shi ya ci. A Fabrairu 2011 bankuna suka rufe. Daga ƙarshen Maris zuwa 11 ga Afrilu, ranar da aka kama Gbagbo, yaƙi ya shigo cikin birni. Gadoji biyun da suka haɗa Treichville da Plateau suka zama wurin da ba a bi, kasuwanni suka mutu, har kasuwar Gouro ta Adjamé da ke ciyar da rabin gari da kayan miya. Ruwan famfo ya yanke a unguwanni da dama. An fasa shaguna, na 'yan Muritaniya sun sha wuya ƙwarai, kuma baƙi 'yan Afirka ta Yamma sun ga ta kansu a shingayen 'yan daba. Kimanin mutum 3,000 suka mutu a rikicin. A kwanakin nan na ga mai gudu da buhun shinkafa, na kuma ga mai gudu da talabijin, kuma ba na sa su a ma'auni ɗaya.

A gidan haya da nake a lokacin, ɗaki takwas ne tsakar gida ɗaya, Hausawa da Jula da Baule da wani tela ɗan Senegal. Kwana na uku matan gidan suka haɗa abin da kowa ke da shi, aka koma tukunya ɗaya, ci ɗaya a rana. Wannan bai ba mu wahala ba, mun san juna. Wahalar ta zo ranar da wasu 'yan dako biyu da ke kwana a rumfunan kasuwa suka ƙwanƙwasa ƙofa. Irinsu ba su da tukunya, abin da suka samu da rana shi suke ci da dare, kasuwa kuma ta rufe. Ba wanda ya san su a cikinmu.

Malikiyya sun ce wanda ke da rarar abinci wajibi ne ya ba mai larura, in ya hana har mutumin ya mutu, alhakin ran yana wuyansa. Hukuncin a sarari yake. Kalmar "rara" ce ke da duhu. Rabin buhu ga mutum ashirin da wani abu, rara ne in za a buɗe kasuwa jibi, ba rara ba ne in sai bayan wata guda, kuma ba mai iya cewa wanne ne. Wani magidanci a cikinmu, mai 'ya'ya huɗu, ya ce kada a buɗe. Ba mugu ba ne, lissafi yake yi, kuma irin lissafin ne mai gwangwani goma yake yi a Chernarus in ya ga sabon shiga: ban san gobe ba, saboda haka ba ni da rara. Matsalar lissafin ita ce ba shi da iyaka. Mai buhu goma ma bai san gobe ba.

Wata dattijuwa Baule, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ita ta raba gardama. Ta ce wa magidancin: "Ba za a taɓa rabon yara ba. Manya kowa ya rage loma biyu." Aka buɗe musu, suka zauna da mu, su ke fita neman ruwa da jarka in harbi ya lafa, abin da mu masu iyali muke tsoron yi. Shinkafar ta kai mu har kasuwa ta fara motsi, da ɗan saura a gindin buhu. Magidancin nan har yau in zancen ya taso cewa yake sa'a muka yi, da yaƙin ya ƙara mako biyu da shi ke da gaskiya. Na ƙirga kwanakin da mudun sau da yawa, kuma lissafinsa daidai ne.