Dalar Makamai a Hannun Ɗan Canji

Shekara ashirin ina canjin kuɗi a Sabo, kusa da Mokola. Tun Disambar 2015, da EFCC ta gurfanar da Sambo Dasuki kan badaƙalar kuɗin makaman yaƙar Boko Haram, dala biliyan 2.1, tambaya ɗaya ke cin raina: wanda ya canza kuɗin sata, akwai alhaki a wuyansa?

Abokan sana'a kan ce hannu da hannu ne, halal. Amma na taɓa ƙirga daloli sababbi dal, a ɗaure, daga jakar wani yaro da ko farashin ranar bai tambaya ba. Gabana ya faɗi, na tuna mutanen Baga da Boko Haram ta kashe. Duk da haka na canza masa.

Ribar ranar nan haram na ci.