Shin Ɗaukaka Ƙara Rashin Tawakkali Ne?

'Yan uwana mata, akwai maganar da ta fi kowace sauƙin fita daga bakinmu idan alƙali ya yanke hukuncin da zuciya ba ta kwanta da shi ba: "Na bar wa Allah." Sai a gyara lulluɓi a kama hanyar gida. Gonar gado ta tafi, ko an ɗora wa mace kuɗin hul'in da ya fi sadakinta, ko an raba ta da yaron da ko yaye bai kai ba, amma in ka ce ta ɗaukaka ƙara sai ta riƙe baki, wai ita wace ce da za ta ja da shari'ar Allah.

To shari'ar Allah daban, fahimtar alƙali daban. Alƙali ɗan Adam ne, yana gajiya, ana yi masa ƙarya, wani lokaci bai ma bar ki kin kai aya ba. Sayyidina Umar da kansa, a wasiƙarsa zuwa ga Abu Musal Ash'ari, ya hore shi da kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa.

Ki duba kalmar ma. Ɗaukaka ƙara, wato ki ɗaga kukanki zuwa sama, inda waɗanda suka fi wancan alƙalin matsayi za su duba aikinsa. Daga 'Yargalma ko Bukkuyum, ko Anka, ko Gummi, magana kan tashi daga ƙaramar kotu zuwa babbar kotun shari'a, daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau. In suka "tabbatar da hukunci", na farko ya zauna. In suka "soke" shi, ya faɗi. Suna kuma iya cewa a "sake shari'a", a koma tun daga farko.

Amma fa ba a zuwa da hawaye kaɗai. Za a tambaye ki dalilai: an hana ki kawo shaidu ne? An ƙi sauraronki? An yi kuskure a lissafin gado? "Ban ji daɗi ba" ba dalili ba ne, ko da kuwa gaskiya ne.

Kuma abin yana da wa'adi. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, da kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a 2001, kwana 30 aka ba ta. Ta ɗaukaka, kotun Sakkwato ta wanke ta a Maris 2002. Amina Lawal kuwa sai da ta faɗi a Funtuwa, ta sake hawa sama, sannan alƙalai 4 cikin 5 suka sallame ta a Katsina a Satumba 2003. Ba wasu baƙi suka saki matan nan ba, alƙalan Musulunci ne, da hujjojin fiƙihun Malikiyya. Da sun ce sun bar wa Allah sun yi shiru fa?

Sauran kalma guda wadda nake so ki riƙe da kyau: "dakatar da zartar da hukunci". Shigar da ƙara sama ba kullum yake tsayar da hannun kotun ƙasa ba, sai an roƙa. A Tsafe, cikin Janairun 2001, an yi wa wata yarinya bulala 100 alhali masu kare ta suna shirin ɗaukaka ƙara. Ko an wanke ta daga baya, wa zai cire mata bulalar daga jiki? Haka gona, in har an sayar da ita kafin a kira ki Gusau.

Na san kuɗin mota, na san kuɗin takardu, na kuma san bakin dangi da za su ce kin cika fitina. Wadda ta auna ta ga yafewa ta fi mata alheri, Allah Ya ba ta lada, haƙƙinta ne. Sai dai in dukiyar marayu ce a hannunki, baiwar Allah, wannan kam ba taki ba ce balle ki yafe.