Baƙin da ke cikin saiwar wake

Jama'a, mu da ke sauke buhunan wake a Bodija, mu nawa ne muka taɓa tuge shukarsa muka duba saiwar? Akwai 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta, in ka fasa mai lafiya sai ka ga cikinsa ja-ja. Ɗakunan baƙi ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, ke shigowa daga ƙasa, wake ya gina musu masauki, yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ke haɗawa. Su kuma su kamo naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya, su mayar da shi abincin shuka. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, amma wake bai iya amfani da shi sai ta hannun baƙonsa.

To, zaman nan ba na soyayya ba ne. A 2003 masana suka gwada waken suya: suka hana wasu ƙulle-ƙullen samun naitirojin, har baƙin ciki suka kasa biyan haya. Sai shukar ta rage musu iskar numfashi, hayayyafarsu ta ja baya. Ba ta tambayi dalili ba, alhali ba laifinsu ba ne. Kuma ɗaki take hukuntawa gaba ɗaya, da mai gaskiya da mai cin banza.

Wannan adalci ne? Wake dai ba shi da hankali, ba a tuhumarsa. Mutum yana da shi, don haka mai masaukin da ya haɗa unguwa guda da laifin mutum ɗaya ya yi zalunci, ko shi wane ne. Mun ga Shasha a Fabrairun 2021, inda rigimar mutane ƙalilan ta cinye shaguna da gidajen waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Amma ni ɗaya gefen ya fi damuna, don shi ne a hannunmu. Muna yawan cewa ai mu ke kawo shanu da albasa da tumatir, ba za su iya ba sai da mu. Gaskiya ne, sai dai mu ma ba mu da rumfa sai a ƙasarsu. Tunda mun san ɗaki ɗaya ake ganinmu, me ya sa muke rufa wa macuci asiri don kawai ɗan garinmu ne? Mudun da aka buga wa gindi a layinmu, kowa ya san mai shi. Kullum da safe muna gaisawa da shi, mu tambaye shi iyali, mu wuce.