Muryar Wa Aka Ara wa Aljani?

A shagunan cajin waya na Gaya da Ajingi, abin da ake tura wa mutane a memori ya wuce waƙa da fim da wa'azi. Har da littattafan yaƙi da na aljanu, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna wajen rubutawa, waɗanda wani ya zauna ya karanta da bakinsa aka naɗa. Masu data kuma suna bin su a YouTube kashi-kashi. Tela yana taka keke labari na tafiya, uwargida tana tsintar wake jarumi yana sare kawunan dakaru, direba ya taso daga Wudil ya nufi Dutse gimbiya tana hannun boka. Da yawanmu mun san littattafan da ba mu taɓa ganin bangonsu ba.

Akwai masu cewa wannan lalaci ne, wai sauraro ba karatu ba ne. Mutumin Gaya bai kamata a gaya masa haka ba. Labarin Bayajidda, wanda aka ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, a baki ya rayu shekaru aru-aru kafin ya hau takarda. Littattafanmu na farko ma ba su rabu da baki ba. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, jarumin ne da kansa yake ba da labarin yaƙe-yaƙensa da zamansa a ƙasar aljanu. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa, aku ne yake riƙe Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri.

Rubutun boko kansa yana jiran murya, domin ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Haruffa huɗu ne a kalmar kuka, ko bishiyar da ake cewa aljanu suna zama a cikinta ake nufi, ko kukan wanda ya yi gamo da su. Baki ne yake raba su. Ke nan duk wanda ya karanta mana littafin Hausa a bayyane, ƙarasa aikin marubuci yake yi. Tambayar da ta dace mu yi ita ce, me yake ƙarawa a ciki, kuma wa ya ba shi izini?

Wannan tambaya ta fi nauyi a labaran aljanu da dodanni. In marubuci ya kawo ɗan sanda ko mai shayi, mun san yadda suke magana. Dodo mai kai bakwai fa? Ba a sayar da muryarsa a kasuwa, dole mai karatu ya aro ta daga bakin wani ɗan Adam. To, bakin wa yake zuwa aro?

Mu kasa kunne da kyau. Sau da yawa jarumi yana samun Hausa mai santsi irin ta masu karanta labarai a rediyon Kano. Wawan dogari ko matsoracin bawa sai a ba shi harshen mutumin ƙauye. Mugun boka a ba shi rawar muryar tsoho mara haƙora. Azzalumin sarkin matsafa kuma a sa masa gurguwar Hausa irin ta wanda ya koye ta da girma. Alhali a takarda abin da marubuci ya rubuta shi ne "sai ya ce", bai ƙara komai ba.

Yanzu mu ɗauki yaro ɗan shekara 12 a wani ƙauye na Ajingi, yana kwance a tabarma da wayar yayansa. Dare bayan dare yana jin mai nasara yana magana kamar ɗan birni, wanda ake yi wa dariya kuma yana magana kamar babansa. Babu wanda ya ce masa mutanen ƙauye wawaye ne. Da an faɗa masa a fili da ya yi musu, da ya kai ƙara wajen manya. Amma magana ce da ba a furta ba, a cikin murya aka naɗe ta, kuma shi ma dariya yake yi. Mai karatu da ido yana iya tsayawa a kan jimla ya ce bai yarda ba. Mai sauraro kuwa sai abin ya shige shi kafin ya lura an ba shi wani abu.

Wani zai ce, ai haka muka gada. Kakanninmu ba sa yin tatsuniya da murya ɗaya: Gizo yana da tsamin bakinsa, Kura tana da gurnaninta, kuma wannan ne gishirin labari. Ga kuma barkwanci tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, inda kwaikwayon harshe yake ƙara zumunci. Gaskiya ne, kuma ba ma fatan a riƙa karanta mana yaƙin aljanu kamar sanarwar ɗaurin aure. Sai dai akwai bambanci. Tsamin bakin Gizo nasa ne shi kaɗai, babu garin da za a nuna a ce ga dangin Gizo. Barkwanci kuma ramuwa ce take raya shi, ka faɗa a mayar maka. Kaka in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", sai ta jira an amsa mata, kuma tana kallon fuskokin jikokinta. In ta ga ɗaya ya sunkuyar da kai, takan sauya salo. Muryar da ke cikin memori ba ta ganin kowa, ba ta jiran amsa, kuma tana shiga gidaje dubbai da dariya iri ɗaya.

Shi ya sa muke ganin karatun littafi amana ce ta fuska biyu. Ta farko ta marubuci ce: a nemi izininsa, a faɗi sunansa, kada a sa wa mutanensa rigar da bai ɗinka musu ba. Ta biyu ta mai sauraro ce, wanda ya ba da kunnensa cikin yarda, wataƙila don bai yi boko ba, ko idonsa ya yi rauni, ko hannayensa suna kan aiki. Irin wannan mutum ba shi da takardar da zai duba ya ga ko an ƙara masa wani abu.

Abin daɗin shi ne, riƙe amanar ba ya rage armashi. Gwanayen masu karatu daga hali suke gina murya. Haɗama tana da sautinta, magana da sauri da haɗiyar miyau. Girman kai yana jan kalma a hankali kamar ba ya son rabuwa da ita. Tsoro yana tsinka numfashi. Wani in aljani ya fito daga kuka sai ya cika mana kunne da ihu da amon na'ura. Wani kuwa sai ya sassauta murya, ya ɗan yi shiru, ya bar kowannenmu ya siffanta abin da kansa. Na biyun ne yake sa tsigar jiki ta tashi, kuma bai ari bakin kowa ba.

Mu masu sauraro muna da namu rabon, domin abin da muke yi wa tafi shi ake ƙara yi. Muna iya rubuta wa mai karatu a ƙarƙashin shirinsa cewa mun ji daɗin labarin amma harshen da ya ba wawan dogari na mutanenmu ne. Muna iya tura wa abokai wanda ya iya tsorata mu ba tare da ya muzanta kowa ba. Wanda ya iya karatu a cikinmu kuma ya ɗauki littafi bayan isha'i ya karanta wa yaran gida shafi biyu ko uku. In ya zo kan dodo zai ji kansa yana neman muryar da zai ba shi, ga yara sun zuba masa ido suna jiran su ji wadda zai zaɓa.