Tawali'u Ragwanci Ne?

'Yan'uwa cikin Almasihu, mu da muke zaune a Jiwa da Gwagwa ba za mu manta da ranar Laraba, 18 ga Mayu, 2022 ba. A ranar nan wata mata ta faɗo daga kan babur ɗin haya kusa da kasuwar Dei-Dei, babbar mota ta take ta, ta rasu. Baƙin ciki ya koma gardama, gardama ta koma faɗa tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa. Aka ƙone wani sashe na kasuwar katako, aka rasa rayuka, har Ministan Abuja na lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya ba da umarni a rufe kasuwar. Makoki ɗaya ya zama makoki a gidaje da yawa.

Duk da haka, in aka yi wa'azin tawali'u sai ka ji wani ya ce, a garin nan wanda ya yi sanyi a kansa za a bi. Bai kamata mu yi watsi da wannan magana ba, gama akwai masu cin zali da gaske. To, mai tawali'u rago ne?

Mu dubi Ubangijinmu. A Yahaya 18, sa'ad da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuwa yi shiru ba. Ya nemi mutumin ya nuna laifin da ke cikin maganarsa, in kuwa babu, ya faɗi dalilin marin. Ya tsaya kan gaskiya, harshensa da hannunsa suna ƙarƙashin mulkinsa. Musa ma, wanda Littafin Ƙidaya 12:3 ya shaida tawali'unsa, shi ne ya tsaya a gaban Fir'auna. Rago yana shiru domin tsoro, mai tawali'u kuwa yana da ikon ramawa, amma ya miƙa ikon nan ga Allah. Shi ya sa Manzo Bulus ya lasafta tawali'u tare da kamunkai cikin albarkar Ruhu a Galatiyawa 5:22-23.

Ba a kan koyi wannan hali a ranar tarzoma. Ana koyonsa a layin ɗiban ruwa, in maƙwabciya ta ture bokitinki. Ana koyonsa sa'ad da mai Keke ya goge maka mota, ko mai gidan haya ya zo da magana mai zafi a gaban 'ya'yanka. Fagen da ya fi wuya shi ne cikin gida, inda dattijon da ake yabo a ikkilisiya yakan daka wa matarsa tsawa a kan gishirin miya. Wanda bai iya riƙe harshensa a ɗaki ba, ba zai iya riƙe hannunsa a titi ba. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, Karin Magana 15:1 kuma ta koya mana cewa amsa mai laushi takan kwantar da fushi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an cuce ka, ka faɗi gaskiya, ka kai ƙara wurin dattawa ko hukuma. Amma kalmar farko da za ta fita daga bakinka, ka auna ta a gaban Allah tukuna, gama maƙwabcinka da bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba a halinka yake karanta shi. Ubangiji ya ba mu zuciya irin tasa. Amin.