Ɗana, kafin ka sayi keken kabon

Ɗana, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 keke ya dawo da martabarsa a ƙasarmu. Malamin makarantar da ya jingine babur ya kakkaɓe tsohon kekensa, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda sun koma murza feda, kai kuma da jininka ke tafasa ka fara kallon kekunan tsere a waya, irin siraran nan da ake ɗagawa da yatsa biyu, ranka ya biya. Ban ga laifinka ba. Wanda ya tara guminsa yana da ikon sayen abin da ya kwanta masa a rai, kuma na san ba almubazzaranci ne ya ɗebe ka ba. Sai dai ina so ka san halin abin kafin ka damƙa masa wuyanka.

Abin da ake kira kabon ba ƙarfe ba ne. Zare ne baƙi, kowane sili bai kai gashin kai kauri ba, ana shimfiɗa shi hawa-hawa, a jiƙa shi da wani gam mai ƙarfi, a gasa cikin mazubi har ya sandare ya ɗauki siffar bodin keke. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ƙarfinsa ba na wasa ba ne, tunda kusan rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 daga irin wannan haɗi yake. Saboda rashin nauyinsa ne ma hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Duk wanda ya ce maka kayan banza ne, bai san shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda yake lalacewa. Keken ƙarfe, ko Raleigh na iyayenmu da har masana'antarsa aka kafa a Kano, ko Phoenix ɗan ƙasar Sin, ko Hero ɗan Indiya, yana da wata kunya: ba ya kayar da mai shi sai ya yi masa gargaɗi. Zai lanƙwashe, zai yi ƙara, za ka ji kan yana ja gefe guda, ka tura shi wurin mai gyara ya miƙar, in ta kama a kai wa mai walda ya ɗana masa wuta, ka hau ka koma gida. Kabon ba ya lanƙwasa. In ya sha bugu, hawa-hawan zaren nan sukan rabu daga ciki, fenti na nan sumul yana ƙyalli, kai kana murna ka tsira, alhali ɓarnar tana ci a ɓoye. Ranar da zai saki, lokaci guda yake saki, kuma in a wuyan keke ne ko a sashen da ya riƙe tayar gaba, fuskarka ce za ta fara isa ƙasa. Mai walda kuwa ba shi da abin yi a kansa, don wuta ƙona gam ɗin take yi. Ana gyara shi, amma aikin ƙwararru ne masu kayan aiki na musamman, ba na gindin bishiyar bakin tasha ba.

To, dubi rayuwar da keke yake yi a wurinmu. Ka san hanyar Ƙaura zuwa Zurmi, ka san ta Shinkafi, ka san ramuka da tsakuwa da yashin da ke jiran mutum da zarar ya sauka daga kwalta. Ka san kekenmu ba na mutum ɗaya ba ne: yau jarkokin ruwa, gobe buhun gero, jibi ƙanenka ya are shi ya goya abokinsa. Keken tsere na kabon an yi shi ne don mutum guda a kan titi mai santsi, ba shi da wurin ɗaura kariya, kuma kamfanoni sukan rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka, har da mai hawan. Bututunsa yana jure ja da turi, amma ba ya jure matsa. Yaron mota ya ɗora shi a saman kaya ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, ya ja igiya iya ƙarfinsa, ya taka da ƙafa don ya ƙara tamkewa, wannan kaɗai ya isa ya kashe shi. Haka mai gyaran da ka saba da shi, mutumin kirki, wanda a saninsa noti ba ya ɗauruwa sai an murɗa shi har hannu ya yi zafi. Notin da ke kan kabon da awo ake ɗaure shi, lambar tana rubuce a jikinsa, akwai sifana ta musamman da ke yin ƙas in an kai ƙa'ida. Ƙari kaɗan a kan haka, ya tsage.

Na san abin da za ka ce mini: ai da garanti. Zauna mu karanta takardar tare. Manyan kamfanonin keke sukan yi alkawari mai daɗin ji, wasu har su ce muddin rai, amma da sharuɗɗa a ƙasa. Alkawarin na wanda ya fara saye ne, sabo fil, daga hannun dillalin da kamfani ya amince da shi, da rasit a hannu. Aibin ƙira kawai yake ɗauka. Faɗuwa, karo, lodin da ya wuce kima, ɗaurin da ya zarce awo, duk babu ruwansa da su, kuma kamfanin ne da kansa zai duba ya yanke ko laifin ƙira ne ko naka. A ƙasashen da shagon dillali yake bayan gidan mutum ma, masu keke suna kukan jiran makonni da musu a kan wane ne mai laifi. Ina ga kai da za ka ɗauko karyayyen bodi daga Zurmi, a wannan zamani da kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ka nemi wanda zai saurare ka a Legas ko a ƙetare?

A watan Satumban 2023 kamfanin Shimano na Japan, wanda babu na biyunsa a kayan giyar keke, ya nemi a dawo a duba ƙafafun feda 760,000 a Amurka da Kanada, bayan rahotanni fiye da 4,500 na rabewarsu. Waɗannan na alminiyam ne da aka manne da gam, ba ma kabon ba. Kamfanin ya yi abin da ya dace, ya ce a kai wa dillali ya duba, wanda ya nuna alamar rabewa a canza kyauta. Amma ka yi tunanin irinsu nawa suka riga suka shiga kwantena suka zo mana a gwanjo, babu wanda ya sanar da mai hawansu komai.

Gwanjon nan shi ya fi damuna, domin ta nan ne mafi yawanmu za mu iya kaiwa ga irin wannan keke. Keken da ya kai miliyoyin naira a ƙasarsu in ka gan shi da araha, ka tambayi kanka abin da ya sa mai shi ya rabu da shi. Ga kuma na jabu da ake tallatawa a intanet, an manna musu sunan manyan kamfanoni. In duk da haka ranka ya nace, ka wanke shi tas, ka fito da shi rana, ka bi duk mahaɗa da ido da yatsa, musamman wuya da gindin sirdi da wajen feda. Ka sa a zare tayar gaba da abin da ya riƙe ta ka ga abin da ke ɓoye. Ka ɗauki kwabo ka riƙa ƙwanƙwasa bututun a hankali, yadda iyayenmu mata suke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa: lafiyayye yana amsawa tangaran, mai ciwo yana amsawa a dushe. Wannan ba ya kama kowane aibi, amma ya fi sayen ido rufe. Sabon fenti a wuri guda, ko sitika inda ba a saba sa ta ba, ka bar wa mai sayarwa kayansa. Ka karɓi rasit mai suna da lambar bodi, ku yi magana a gaban shaidu kan abin da zai faru in aibi ya bayyana. Shari'armu ta ba mai saye damar mayar da kaya in an ɓoye masa aibi, dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ma haka, amma mutumin da ka san ƙofar shagonsa kaɗai za ka iya kamawa.

Ni dai a ganina, in keke ɗaya za ka mallaka, ka sayi na ƙarfe, wanda boris ɗinsa da sarƙarsa da birkinsa suna nan a kowace rumfar gyara daga Ƙaura har Isa.

In kuwa ka riga ka saya, wata rana ka faɗi da shi ko ka ga wani siririn layi a jikin fenti, zuciya za ta raya maka ka shafe wurin ka sallama shi ga wani yaro mai ɗoki irin naka. Na roƙe ka, ɗana, kada ka yi. Ka faɗa masa ka faɗi da shi, ka kama yatsansa ka ɗora a kan wurin, in ya ce ya fasa, ka ɗauki asararka.